Yadda Za Ka Karɓi Hatimin Mamaci Bayan Shekara Tara

Wannan jagora ce ga duk namijin da ya taɓa zama a teburin wasan jarumai, ya tashi ya ce zai amsa waya, bai dawo ba sai bayan shekara tara. Idan kai ne, zauna. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, jaruminka zai hau daraja ta goma sha bakwai, da hatimi da komai, babu mai ja da kai. Ba labari aka ba ni ba. A gabana aka gwada a kan Oljas, kuma abin ya ci.

Ban yi nisa a makaranta ba, a aji tara na tsaya aka kawo ni Almaty. Amma shekara goma sha shida ina dafa shayi a ɗakin ƙasa inda mijina Yermek yake jan wasa duk Asabar, kuma akwai 'yar taga tsakanin kicin da tebur. Duk abin da ya shigo ta tagar nan yana kaina. Yermek ya rasu a watan Maris, Allah ya jiƙansa.

Tunda shekara tara ta isa mutum ya manta sunan maƙwabcinsa, bari in tuna maka yadda abin yake. Manyan mutane ne, wasu har da furfura, suke kewaye tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda. Mai jan wasa yana ba da labari, kai kana faɗin abin da naka zai yi, ɗan lido mai fuska ashirin yana yanke hukunci. Duk labarin da aka gama, mai jan wasa zai buga hatiminsa a takardarka. Ƙungiyar masu wasan ba ta san bakinka ba, hatimi ta sani. A babban taron da ake yi duk kaka akwai tebur guda na manya, ba ya karɓar jarumin da bai kai daraja ta sha bakwai ba. Na Oljas yana ta sha shida. Hatimi ɗaya ya rage masa, mai hatimin kuma yana kabari.

Mataki na ɗaya: Ka iya tafiya

Ba a dawowa sai an tafi, tafiyar ma iyawa ce. Kada ka jira a gama labari. Kowane sakarai zai iya tashi bayan an gama. Ka bari sai an kai inda kowa ya riƙe numfashi.

Ga yadda Oljas ya yi. Su uku ne a tebur ran nan. Shi da Karabek Mai Garkuwa, jarumin da ya shekara shida yana reno. Botagoz mai sayar da magani a kyamis da maharbiyarta. Sai Tolik direban bas da wani siririn mai busa sarewa. Labarin ya kai su wata ƙofar dutse a tsakanin tsaunuka, rundunar dodanni na tafe a baya, mutanen gari guda na gudu a gaba da yara da tsofaffi. Yermek ya ce a sha shayi a dawo. Da aka dawo, Oljas ya kara waya a kunne, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce wa Yermek, "Minti biyu, aga," wato yaya a yarenmu. Wayar ko tari ba ta yi ba. Ya hau matakala. Sati na zagayowa aka ji yana Atyrau, ya sami aiki wajen masu haƙar mai.

Yermek ya jira har shayin ya huce, na sake wani, shi ma ya huce. Sannan ya rufe littafinsa ya ce ba a gama labari da mutum a waje. Botagoz ta yi faɗa, Tolik ya yi rantsuwa, Yermek ya ce musu, "Zai dawo." Haka takardun su ukun suka tsaya babu hatimi. Botagoz da Tolik suka koma daraja ta ɗaya da sababbin jarumai, kamar 'yan koyo.

Ka lura da kyau: mutum ɗaya ya tashi, wasan mutum huɗu ya tsaya cak. Ba kowa Allah ya ba wannan baiwar ba.

Mataki na biyu: Ka yi shiru, amma kada a ɗauka ka mutu

Sau ɗaya a shekara, ranar bikin Nauryz, sabuwar shekararmu, ka turo hoton fure a waya. Ya wadatar. In an tambaye ka yaushe za ka zo a ƙarasa, ka rubuta "kwanan nan" ka sa fuska mai dariya.

In labari ya iske ka cewa mai jan wasan ya faɗi a tashar bas, kada ka rikice. Kada ka zo jana'iza. Kada ka zo sadakar bakwai, kada ka zo ta arba'in. Ka turo hoton hannuwa biyu suna addu'a. Daga Atyrau zuwa nan awa uku ce a jirgi, kowa kuwa ya san awa uku a sama tana taɓa hawan jini.

Ka adana ƙarfinka sai ranar da aka sanar da teburin manya, aka ce duk wanda ya zauna za a ɗauke shi hoto a rataya a bango. Ran nan za ka ga jirgin ya yi sauƙi.

Mataki na uku: Ka shigo kamar jiya ka fita

Ka zo ranar Asabar da azahar, saura sati ɗaya taro. Ka sauko matakala da ƙarfi, hannu a buɗe, ka ɗaga murya tun daga sama. Ka riƙo tsaraba mai wari, don kowa ya san ka kawo. Oljas busasshen kifi ya kawo, dogo kamar hannun mutum, naɗe a jarida.

"Jenge!" ya ce, don haka yake kirana tun da, wato matar wa, tunda ya ɗauki Yermek kamar wansa. "Wallahi ba ki canja ba!"

Na ce, "Na canja. Yanzu ba ni da miji."

Idan aka ba ka irin wannan amsa, ka sunkuyar da kai na ƙirga uku, ka shafa fuska, ka ce mutumin kirki ne. Kada ka wuce uku, kada a ja ka cikin hirar asibiti. Oljas a biyu ya ɗago.

Na zuba masa shayi na cika kwanon har baki. Ko jaririn garin nan ya san baƙon da ake so kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya daɗe, wanda aka cika wa kuwa sallamarsa aka yi. Oljas ya karɓa da hannu biyu, ya juya ga mutane ya ce, "Kun gani? Har yanzu ni ne ɗan gaban goshinta."

Ka koyi wannan. Wulakancin da ba ka gane ba bai same ka ba.

Mataki na huɗu: Ka zagi sababbin dokoki

Za ka tarar abubuwa sun canja. Littafin dokoki sabo ne, fuskoki sababbi ne. Akwai tebur na biyu da ɗaliban jami'a suka cika, ba su taɓa jin sunanka ba. Wata a cikinsu ta dubi Oljas da jakarsa ta ce, "Baba, mitar wuta tana bayan ƙofa."

Kada ka yi fushi. Ka ja kujera ka fara da "a zamaninmu". Ka ce wasan ya lalace, yanzu ko kyanwa aka ba ɗan lido za ta kai daraja ta goma. Ka ba da labarin ranar da jaruminka ya riƙe gada shi kaɗai. In ba a saurara ba ka maimaita.

Botagoz ce ke jan wasa yanzu, ita ce kuma ƙungiya ta naɗa ta duba takardun teburin manya. Oljas ya zaro tasa daga cikin leda, ya shimfiɗa mata kamar mai nuna takardar fili. Ta sa tabarau, ta bi hatimin da yatsa har ƙasa.

"Sha shida," ta ce.

"Sha bakwai saura ƙiris, ƙanwata."

"Tawa ma saura ƙiris. Shekara tara ke nan tana saura ƙiris." Ta ci gaba da dubawa. "Garkuwar nan taka ma an rage mata ƙarfi. Da tana ƙara maka biyu a jifa, yanzu ba ta ƙara komai."

"Wa ya rage? Da izinin wa?"

Tolik na gefe yana ɓare kifin da ba a ba shi ba. Ya ce, "An buga maka waya a tambaye ka, mai man fetur, aka ce kana kan wani kiran. Ya Karabek? Ya yi tumbi irin na ubangidansa, ko shi yana motsa jiki?"

Ka yi dariya fiye da kowa. Mai neman hatimi ba ya zuciya.

Mataki na biyar: Ka keɓe matar mamacin

A nan aikin yake. Ka jira ta shiga kicin, ka bi ta da kwanon shayinka kamar za ka taya wanke-wanke. Ka rage murya.

Hatimin Yermek ba na kanti ba ne. Da kansa ya sassaƙa shi daga robar dunduniyar takalmi, hoton akuya ne, ƙaho ɗaya ya karye tun shekarar farko. Duk ƙungiya ta san akuyar nan. Takardar da ta taka, ba a tambaya.

"Jenge," in ji Oljas, "akuyar aga tana wurinki?"

"Tana nan."

"Abin ba wuya. Ki ɗan buga a nan, ni zan rubuta tsohon kwanan wata. Na san da yana raye da kansa zai yi min."

Ka riƙe wannan jimlar, tana da amfani ƙwarai. Mamaci ba ya musu, duk abin da ka ce zai so, ya so ke nan.

Sai dai ka tabbatar kicin ɗin ba shi da taga. Na ajiye soso na ce masa, "Oljas, ran nan da aka tashi shan shayi, Yermek ya hau sama yin alwala. Ka zagaya kujerarsa, ka ɗaga kwalin da yake kare littafinsa, ka karanta. Ina tsaye a nan da buta a hannu. Layin da ka gani na san shi: dole ɗaya ya tsaya a ƙofa, wanda ya tsaya kuma ba zai fita ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya dubi tagar kamar yau aka fasa ta.

"Kin gaya masa?"

"Ban gaya masa ba. Duk Asabar sai ya ajiye kujera ɗaya a jikin bango, ya hana a ɗora mata kaya. Ban ga abin da zan ƙara masa ba in na faɗa."

Ya sunkuyar da kai. Wannan karon ya wuce uku.

Na ce, "Shekara tara kana gudun mutuwar takarda. Zan buga maka akuya, amma ba a kan ƙarya ba. Littafin yana jakata. Ku ƙarasa labarin yau, in buga wa kowa."

Mataki na shida: Ka ce ai dama abin da ka zo yi ke nan

Ka fito daga kicin da fara'a, ka tafa hannu ka ce kai ka kawo shawarar. Ka sa rai cewa sauran sun yar da tsofaffin takardunsu.

Botagoz ta buɗe jakar hannunta, ta zaro tata daga bayan hoton 'ya'yanta. Tolik ya hau sama da gudu, ya dawo da tasa daga cikin akwatin kayan gyaran mota, ta sha baƙin mai amma ana karantawa. Ɗaliban suka bar wasansu suka kewaye mu. Botagoz ta miƙa wa Oljas hannu, ya ɗauka gaisawa za su yi. Ta ce, "Wayar." Ta jefa ta cikin tukunyar da na wanke, ta rufe murfi, ta ɗora kifin a kai.

Rubutun Yermek kamar tafiyar tururuwa yake, ni kaɗai ke iya karanta shi. Don haka aka raba aiki, ni karatu, Botagoz lissafi. Ban zauna a kujerarsa ba, na tsaya a bayanta. Na karanta yadda yake yi, a hankali, da tsayawa inda yake tsayawa. Ƙofar dutse. Ƙura ta tashi a bayan tsauni. Mata na jan yara, wani tsoho ya faɗi an ɗauke shi a baya. Sandar da ke tokare ƙofar ta karye, sai dai mutum ya tokare ta da jikinsa. In an riƙe ta jifa uku, kowa ya tsallake. In ba wanda ya tsaya, dodanni su cim ma kowa, har jaruman, labari ya ƙare babu wanda ya hau daraja.

Na rufe baki. Aka dubi Oljas.

Mataki na bakwai: Ka duba ko wani zai mutu a madadinka

Kada ka yi gaggawa. Ka dubi Tolik da idon tausayi, ka ce mai sarewa ai ya ga duniya.

"Mutumina iska ma kayar da shi take yi," in ji Tolik. "Me zai tokare da shi, sarewar?"

Ka juya ga maharbiya. Botagoz ba za ta ɗago ba, tana feƙe fensir.

Ka kawo dabaru. A tara duwatsu. A haƙa rami. A aika wa dodannin wakili a sasanta. Oljas ya kawo bakwai, duk wadda ya kawo na duba littafin na tarar Yermek ya riga shi, ya rubuta amsarta a gefe da jan biro. Ta bakwai ɗin, ta ɗaure doki a ƙofar, abin da ya rubuta a gabanta kalma biyu ne: "Haba, Oljas."

Ɗakin ya fashe da dariya. Tolik har da buga tebur. Oljas ya yi ƙoƙarin yi tare da su, bakinsa ya ƙi. Ya ɗauki ɗan mutum-mutumin Karabek na dalma, fentin garkuwar duk ya kankare, ya juya shi a hannu. Sannan ya tura shi kan zanen ƙofar da ke tebur da ɗan yatsa, kamar mai tura kuɗin da ba ya son biya.

"Ku wuce," ya ce. "Ku wuce mana, me kuke kallo?"

Mataki na takwas: Ka jefa

Goma ake nema ko sama, sau uku. Ka hura wa ɗan lidon iska, ka shafa shi a riga, duk ba ya hana komai.

Jifan farko, sha huɗu. Yara suka tsallake. Na biyu, sha bakwai. Tsofaffi suka tsallake, Tolik ya sa bakinsa yana busa kamar sarewa har aka ce ya yi shiru. Saura maharbiya da mai sarewa a kan hanya. Oljas ya riƙe ɗan lidon ya daɗe, mutum mai shekara arba'in da huɗu da ke ba ma'aikata sittin umarni. Ya saki. Ya gangara ya bugi kwanon shayi ya tsaya. Takwas.

Oljas ya ce a hankali, "Garkuwata. Tana ƙara biyu."

Wani ɗalibi ya ce ai an soke wannan dokar. Botagoz ta cire tabarau ta dube shi har ya ja baya. Ta ce, "Wannan labarin an fara shi da dokar Yermek-aga, da ita za a gama. Takwas da biyu goma. Ƙofa ta riƙe."

Saura sakin layi ɗaya a shafin, wanda ake karantawa bayan ƙofar ta rufta. Oljas bai kai nan ba ranar da ya yi leƙe. A irin wannan wuri Yermek yakan bar fili a cike sunan wanda abin ya faɗa wa. A nan bai bar fili ba. Tun kafin a zauna wasan ya rubuta: "Mutanen garin suka gina sabon gari a bayan tsauni. Duk yaron da aka haifa a shekarar suka sa masa Karabek, har sai da aka rasa yadda za a kira yara cin abinci."

In hawaye ya zo maka a nan, ka ce warin kifi ne. Oljas haka ya ce. Ba wanda ya ƙaryata shi, don Tolik ma kifin ya dame shi.

Mataki na tara: Ka karɓi hatiminka

Na zaro akuya na hura mata, na buga sau uku. A ta Botagoz, a ta Tolik, a ta Oljas. Botagoz ta cike sauran da hannunta, da kwanan watan ranar, ba na shekara tara baya ba. A tasa ta rubuta: daraja ta goma sha bakwai, ya mutu a ƙofa.

Ka ga ban yi maka ƙarya ba. Sha bakwai cif, ba mai ja.

"To teburin manya fa?" in ji shi.

"Na rayayyu ne," ta ce. "Ni da Tolik za mu gaishe maka da su." Ta miƙa masa farar takarda da fensir, ta nuna teburin ɗalibai. "Suna neman mai garkuwa. Daraja ta ɗaya. Ka yi a hankali, ɓera ma yana kashe mutum a can."

Yarinyar da ta nuna masa mitar wuta ta matsa masa. Ya zauna, gwiwoyinsa na bugun tebur.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa jaruminsa, ko mutuncinsa, ko kuɗin jirgi, kada ya zo ƙofata. Ban ɗauki alhakin abin da ɗan lido ya yanke ba. Ban ɗauki alhakin abin da ka karanta a littafin da ba naka ba. In matarka ta tambaye ka dalilin da ya sa kake sayen tikitin Almaty sau biyu a wata don ka je ɓeraye su cije ka a takarda, kai da ita.

Kada kuma ka biyo ni kicin, kamar yadda Oljas ya yi da zai tafi, kana tambaya ko ba za a tayar da mutumin naka ba tunda doka ta yarda. Na san dokar. Ana neman limami mai babbar daraja da lu'ulu'u guda, a ɗora a ƙirjin mamacin, a kira sunansa sau uku a ce masa hanya a buɗe take, ya dawo. Na ji an yi a teburin nan ya fi sau ɗari, na haddace kalmomin tsaf. A asibiti, da suka fita suka bar ni da Yermek, na cire zobena na ɗora masa na faɗe su duka, ban tsallake ko ɗaya ba. Ba sa aiki. Na gaya maka ne don kada ka ɓata lokacinka.